Yayana Mai Duba Hannu

Ga Allah muke, gare shi muke komawa, kuma yayana ya riga ni tafiya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Mu biyu muka rage a gidanmu, yanzu saura ni.

Ranar da aka kai shi, ko akuya ba a yanka a garinmu ba. Mahauta suka kife tebura, masu tuwon sayarwa suka yi miya lami, ba wanda ya yi ƙorafi. Da aka fito da makara, saura kaɗan a yi dambe a ƙofar gida. Mahauta suka ce nasu ne, su za su ɗauka. 'Yan ƙwallo suka ce ubansu ne. Wani ya ture wani, wani ya ci kwalar wani, gawa na ajiye a ƙasa, sai da liman ya daka masu tsawa sannan aka raba, mahauta gaba, 'yan ƙwallo baya. Aka kawo wani tsoho bisa babur daga wajen Safana, bakinsa a karkace, gefe guda ba haƙori. Ya zauna a zaure yana nuna wa mutane bakin yana cewa, "Shi ya yi mani wannan. Shi ya yi mani." Yana faɗa yana kuka, yara na dariya a ɓoye.

A cikin gida kuwa kowace da tata. Matar Yaya ta ce ƙwallo ne ya kashe mata miji. Wasu suka ce ciwon suga ne. Wasu sai su dubi ƙofar ɗakina, su dubi juna. Na gan su duka. Ban shiga aji ba, amma ba a taɓa yin abu a gabana ya wuce ni ba. Abin da na gani shi zan faɗa a rubuta, don kada a binne shi a bar zancensa a bakin waɗanda ba su nan.

Mu fawa muka gada, dambe kuma na mahauta ne. Da kaka, in an kai amfanin gona gida, sai samarinmu su ɗauki masu kalangu su bi garuruwa. Yaya bai da tsawo, amma wuyansa da kansa kusan faɗinsu ɗaya. Ina yarinya ina talla aka yi wani dambe a nan cikin ƙasar Batsari, aka haɗa shi da wani baƙo. Mutumin ya cusa gutsuren kwalba cikin zaren da ake naɗe hannu da shi. Naushi ɗaya ya kai, fuskar Yaya ta tsage daga kunne har ido. Jini ya riƙa zuba a ƙasa kamar a mayanka. Idonsa na hagu ya mutu tun ranar.

Bai kai ƙara ba. Ya jira kaka ta zagayo, ya bi mutumin har garinsu. Kafin a shiga, ya ce a kira dattawa. Ya miƙa hannunsa ga mutanen baƙon su kwance su duba su sake naɗewa, ya ce shi ma mutanenmu su duba nasa. Aka duba. Sannan ya karya mashi muƙamuƙi a turmin farko. Tsohon nan mai karkataccen baki da ya zo ta'aziyya, shi ne. Daga baya sun zama aminai, har naman salla yana aika mashi.

Tun daga nan Yaya bai sake shiga fili ba a duba hannu ba. Kuma ba ya yarda naka ya duba ka. Yakan ce naka zai tausaya maka, abokin karawarka ne zai duba da gaske, tunda fuskarsa ce za ta sha.

Kada wani ya ji ana yabonsa ya zaci mutum ne mai laushi. Ba shi da haƙuri ko kaɗan. Ya taɓa jifan mai saye da ƙashin cinya don ya ce namansa mushe ne. Yaran da suka koyi fawa a hannunsa, ba wanda bai sha mari ba. Ni kaina mun yi wata da watanni ba ma gaisawa a kan katangar gida. Amma duk yamma yakan tara kayan ciki da ƙashin miya ya miƙo mani ta kan katangar nan, ko muna faɗa, ya ce, "Kin san gidajen." Na san su. Gidajen da aka kashe masu maza ne. Sun yi yawa a 'yan shekarun nan, har kayan cikin ba ya isa.

Gidana ya shiga cikinsu wata damina. Ɗana yana huɗa a gonarmu ta hanyar Ruma, mutanen daji suka zo bisa babura suka ce ya ba da shanun. Ya tsaya gardama. Suka harbe shi, bai mutu ba, suka ƙarasa shi da adda. Jikana yana wurin, ya kwanta cikin kunya ya rufe kansa da ciyawa, yana ji. Shi ya turo gawar ubansa gida a baro. Lokacin gemu bai fito mashi ba.

Daga ranar ba abin da yake so sai bindiga. Akwai 'yan sa-kai a garinmu, samarin da suka haɗa kai da bindigogin gida suna tsaron gari. Ba zan ce ba su tsare mu ba. Sun tsare mu, wasunsu sun mutu a kanmu. Amma na ga waɗanda suka shiga da ciwo a zuciya, na ga yadda idonsu ke komawa. Yaro zai fara da neman wanda ya kashe ubansa, ya ƙare a kan duk wanda ya gani da sanda da saniya. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada jikana ya kashe mutum. Na riga na ba ƙasa ɗa. Ba na son in ba ta jika, kuma ba na son ya dawo mani gida da ran wani a hannunsa.

Yaya ya san haka. Wata safiya na ji sara a bayan mayanka. Na leƙa ta katanga, na gan shi da gatari yana tumɓuke ƙaya, ya kafa itatuwa biyu can, biyu nan. Mutumin da in ya ga yara suna ƙwallo yake korarsu da tsumagiya. Na ce, "Yaya, uban yaro yana kabari, kai kuma za ka kai shi tsalle-tsalle da gajeren wando?"

Ya ce, "Ƙarfin da ke jikin yaron nan sai ya fita. Ko ya fita ta ƙafa, ko ya fita ta hannu. Zaɓi ɗaya."

Na ce kunyar duniya ce. Ya ce in shiga gida in daka yajina. Ban yi mashi magana ba har aka yi girbi, amma ban hana yaron ba.

Wasannin farko duk da jini aka tashi. Garin da ya zo, da gora da barandami yake zuwa, don hanya ba lafiya, kuma in an ci su sai makaman su fito. An taɓa yanke wa wani yaro kunne a kan fenareti. Sai Yaya ya kawo dokar dambe. Aka riƙa shimfiɗa tabarma a gindin bedi. Kafin a busa usur, dattijon baƙi zai laluba 'yan wasanmu ɗaya bayan ɗaya, daga wuya har safa, Yaya kuma ya laluba nasu. 'Yan kallo ma haka. Duk abin da aka samu, tabarma. In an tashi kowa ya ɗauki nasa. Ƙwallo bai iya ba, har ya mutu bai gane satar gida ba, amma wannan ya iya. Shekaru aka yi ba a zubar da jini a filin nan ba sai na goshi da gwiwa.

Mai tsaron gidansu, wanda suke kira gola, ɗan Fulani ne daga wata ruga a gabas da gari. Kakansa ne ke sayar wa Yaya shanu tun suna samari. Su ma mutanen daji sun kore masu garke, sun bar su da 'yan tsirari. Dogo ne siriri, ba ya magana, yana tsinko ƙwallo daga sama kamar mai tsinkar mangwaro. Jikana ba ya gaishe shi. Riga ɗaya suke sawa, amma ko an ci ba ya taɓa hannunsa. Na lura, Yaya ma ya lura.

Tukubar Yaya tana jikin katangata, gidan kallon ƙwallo kuma yana tsallaken hanya, don haka duk gardamar da za a yi a kunnena ake yin ta. Shekarar korona, da aka rufe komai, majalisar bakin tukubar ta cika da marasa aikin yi. Ina daka ina jin su.

Mai faci ya ce, "An ce su can Turai sai an zura wa mutum tsinke a hanci kafin ya taɓa ƙwallo. Kuma fili wayam, ba ɗan kallo ko ɗaya. Wannan wasa ne ko zaman makoki?"

Tela ya ce, "Cutar masu shiga jirgi ce. Wa ya taɓa shiga jirgi a nan? Motar Katsina ma sai mun yi shawara."

Mai gidan kallo ya ce, "Ƙanenka fa, da ya dawo daga kudu a bayan tirela yana tari kamar tsohon injin niƙa?"

"Wannan taba ce."

"In an same ka da ita, an ce kulle ka ake yi a riƙa ba ka shinkafa da kaza."

Mai faci ya ce, "To a gwada ni yau, kafin azahar."

Daga nan sai su koma kan Yaya, don sun san inda ake taɓa shi. Tela ya ce, "Baba, tsakani da Allah, ɗan damben zamaninku zai iya gudun da yaran nan ke yi a talabijin?"

Ya ce, "Ba zai iya ba. Mu ba a koya mana gudu ba."

Aka yi dariya. Ya ci gaba yana yanka tsire. "Naku kau, a shafi ƙafarsa ya faɗi yana birgima kamar jakin da aka sauke wa kaya, a rugo da ruwa da makara. Ni an cire mani ido, da ƙafata na koma gida, washegari na yi fiɗa."

Mai gidan kallo ya ce, "Shi ya sa kuka tsufa ba ido ba haƙori, Baba. Su ƙafar nan ita ce gonarsu. Kai za ka bari a taka maka gero?"

Yaya ya ce, "Wannan ka faɗi gaskiya." Ba kasafai yake faɗin haka ba.

Wata rana kuma gardamar ta koma kan me ya sa ba a taɓa samun yaro daga nan ya je can ba. Wani ya ce ba fili mai ciyawa. Wani ya ce ba takalmi, ba makarantar ƙwallo, kuma sai kana da wani a sama. Yaya ya ce duk ba shi ba ne. Ya ce, "Yaron da ya kwana a kan dutse don tsoron harbi, ya tashi ya sha ruwan koko, da me zai yi gudu? Kuma ba ka sanin ƙarfinka sai ka je garin wani an buge ka. Mu da ƙafa muke zuwa har ƙasar Zamfara, mu kwana inda dare ya yi mana. Yaran nan Ruma ma ba sa iya zuwa. Ku buɗe masu hanya ku riƙe ciyawarku."

Da aka sassauta kulle, aka shirya gasar kofi a Safana. Masu shiryawa suka ce duk ƙungiyar da za ta shiga sai an gwada 'yan wasanta. Yaranmu suka ce ba za su ba. Wani ya ce a jikin tsinken cutar take. Wani ya ce ana hana mutum haihuwa da shi. Ana cikin haka na ji muryar jikana.

"A gwada gola. Shi ke kwana kusa da mutanen daji. In akwai abin da za a kawo mana, shi zai kawo."

Golan yana wurin, a gefe, a tsugune. Na ji Yaya ya ajiye wuƙa. Sai na ji katangata ta girgiza, ƙasa ta zubo mani cikin turmi. Ya kama wuyan jikana ya haɗa shi da bango.

"Tsoho, sake ni."

"Sai ka ji. Gwajin nan duba hannu ne. Ba ka san abin da ke jikinka ba, ɗan'uwanka bai sani ba, kuma za ku haɗa numfashi. Ba shi kaɗai za a duba ba. Kai ma, ni ma. Wanda ya ƙi, ya nemi wani fili."

Aka kwashe su a bayan a-kori-kura zuwa Safana. Yaran sun ba ni labari, Yaya ne ya fara zama a kujerar. Da tsinken ya shiga, har mataccen idon sai da ya yi hawaye, ya yi atishawa a kan ma'aikaciyar, ya ce da naushi ne da ya fi sauƙi. Kowa ya bi layi, jikana a bayan gola. Sakamakon bai iso ba sai bayan an gama gasar, an daɗe da fitar da su. Ba a sami kowa da komai ba. Tela ya ce an sha wuya a banza. Yaya ya ce, "An dai duba."

Bayan wannan jikana ya ɗan lafa. Ya zama shi ke ci masu ƙwallaye, ana kiran sunansa a kasuwa. Ya ga wata yarinya a wajen Babban Duhu, ɗiyar dattijon da ke jagorantar 'yan ƙwallon can. Yaya da kansa ya je nema, shi ya karɓi auren, ya dawo yana murna kamar shi ne angon. Na ce a raina mun tsallake.

Bana, bayan girbi, mutanen daji suka faɗa wa wata unguwa a gefen gari da rana tsaka. Suka ƙona rumbuna, suka tafi da mata, suka kashe mutum a bakin rijiya. Wanda aka kashe abokin jikana ne, wanda ke ba shi ƙwallo ya ci. Kafin a binne shi magana ta zagaya gari, wai daga rugar su gola aka nuna masu hanya. Ba wanda ya gani. Kowa ji ya yi.

A makon ne ake da wasa da mutanen Babban Duhu. Na kira Yaya bakin katanga na ce a fasa. Ya ce in an fasa, yaran nan daji za su nufa da yamma, gara su gaji a gabansa. Na ce to golan ya zauna a gida. Ya ce in bai zo ba, an tabbatar da abin da ake faɗa ke nan. Golan kuwa ya zo.

Ina tsaye a kan turmi ina kallo ta katanga. Aka shimfiɗa tabarma. Yaya yana can yana laluba baƙi. Dattijon Babban Duhu yana nan yana laluba namu. Ya duba gola, ya duba na biye, har layi ya zo kan jikana. Yaron ya cire takalmi ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, yadda ake yi wa suruki. Shi kuma dattijon, mijin ɗiyarsa ne a gabansa, ta yaya zai sa hannu ya laluba cinyarsa a bainar jama'a? Ya kau da fuska wajen bedi, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya wuce ga na gaba. Waɗanda suka gani suka ji daɗi, har na ji wata a bayana tana cewa yaro mai tarbiyya. Yaya bai gani ba. Ta gefen mataccen idonsa abin ya faru.

An dawo daga hutun rabin lokaci ke nan aka bugo wani ƙwallo marar ƙarfi, wanda ko yaro zai kama. Ya sulluɓe tsakanin hannayen gola ya shiga. Wata murya daga 'yan kallo ta ce, "Ya sayar da mu. Yadda ya sayar da rumbunanmu." Shi ke nan. Ba a tara duwatsu a tabarma ba, suna ko'ina. Na farko ya same shi a kafaɗa, na biyu a kai. Ya juya zai gudu, ragar ta harɗe shi ya faɗi. Jama'a suka ɓarko cikin fili. Amma jikana ya fi kowa gudu. Na gan shi ya sunkuya yana gudu, ya zaro abu daga safa. Ƙaramar wuƙar fiɗa ce, ta gidanmu.

Yaya kullum a bayan raga yake zama. Ban san yadda tsoho irinsa ya tashi ba. Na dai ga wuƙar ta sauko, na ga ya tare ta da tafin hannun dama, na ga tsininta ya fito ta baya. Bai janye ba. Ya damƙe ta da hannun yaron gaba ɗaya, ya kai mashi hagu a muƙamuƙi. Jikana ya zube kamar an yanke igiyar guga.

Sannan ya tsaya a kan gola, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, wuƙar na hannunsa, jini na ɗiga a rigar yaron. Ya dubi taron da idonsa guda ya ce, "Wanda ke so ya matso." Wani ya jefo dutse ya fasa mashi goshi. Bai motsa ba. Kafin a sake jifa mahauta sun iso sun kewaye shi, mahauta kuwa ba a kutsa masu.

Gidana ya fi kusa, nan aka jawo golan. Na sa shi a ɗakina, na zauna a ƙofa da taɓarya. Samari suka cika zaure. Na kira su ɗaya ɗaya da sunan uwayensu, na ce wanda ya isa ya tsallake ni. Ba wanda ya tsallake. Washegari da safe mahauta suka raka shi gida.

An ɗinke hannun a asibiti, amma mai ciwon suga rauninsa ba ya jin magani. Ya kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari. Likita ya ce a yanke. Yaya ya ce hannun da ya ci da shi duk rayuwarsa ba za a binne shi gabansa ba. Sai da ciwon ya hau har gwiwar hannu sannan ya yarda, lokacin kuwa ya riga ya shiga jini.

Surukin jikana ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana share hawaye da hula. Yaya ya ce, "Da ka ce ba za ka iya ba, sai a kira wani ya duba shi."

Ya ce, "Wallahi kunyar faɗa na ji."

Yaya ya ce, "Na sani. Ni na ɗaura auren. Ni na mai da kai nasa, na manta."

Jikana kuwa a bakin ƙofa yake wuni, muƙamuƙi a kumbure, ba ya shiga ba ya tafiya. Ranar da jikin ya yi tsanani Yaya ya ce, "Kai, mijin tsohuwa, shigo." Ya shiga ya tsuguna. Yaya ya ce, "Da hagu na buge ka. Da dama ce, da kai za a riga kaiwa." Yaron bai yi dariya ba. Yaya ya ce, "Ka saurara. Ba ka kashe kowa ba. In na tafi, suga ne da taurin kaina. Je ka yi wanka, kana wari."

Da ya fita na ce, "Yaya, ka sa shi ya rantse ba zai sake ba."

Ya ce, "In ya rantse ya karya, laifin ya zama biyu. Bar shi."

Haka ya tafi ya bar ni da yaro ba alkawari.

Tun ranar farko ta zaman makoki shugaban 'yan sa-kai ya sami wuri kusa da jikana. Ina kallonsu ta tagar zaure. Yana magana ƙasa-ƙasa, amma na san abin da yake cewa, don a cikin gida ma ana faɗa: da ba don ɗan rugar nan ba, da tsohon yana raye, uba ya tafi, kaka ya tafi, sai yaushe. Jikana ba ya cewa i, ba ya cewa a'a. Idonsa na ƙasa.

Ranar sadakar ukku, an shafa addu'a ke nan, sai ga gola. Shi kaɗai, da ƙafa, da tabon dutse a kansa. Ya ajiye sandarsa a waje, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin tabarma. Ya ce, "Ya haƙuri?" Ba wanda ya amsa. Ya sake faɗa. Liman ya ce, "Da godiya," shi kaɗai. Wasu samari biyu suka tashi suka tsaya a ƙofar waje. Shugaban 'yan sa-kai ya dafa gwiwar jikana.

Jikana ya miƙe. Ya taka har inda golan yake, ya tsaya a kansa.

"Da ƙafa ka zo?"

"Da ƙafa."

"Tashi."

Ya turo babur ɗinsa. Na ga shugaban ya yi murmushi, samarin suka ba da hanya. Na fito har zaure cikin maza, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Ina za ka da shi?"

Ya ce, "Kaka, koma ciki." Bai dube ni ba. Golan ya hau baya, suka nufi gabas, hanyar da babu gida sai sabara.

Ban koma ciki ba. Na zauna a dokin ƙofa. Mata suna kirana, ni idona na kan hanya. Aka yi azahar. Masu ta'aziyya suna tsallake ƙafata suna shiga suna fita. Inuwa ta juya. Wajen la'asar na ji ƙarar babur. Shi kaɗai ne. Gaban rigarsa a jiƙe yake sharkaf, na tsura ido in ga launin. Fari ne. Ya sauka da ƙwarya ɗaure a tsumma, rabin abin da ke ciki ya zube mashi a hanya.

Ya ce, "Innarsa ta ce a ba ki. Ta ce ta so zuwa, tsoro ya hana ta."

Na ce, "Har ina ka kai shi?"

"Har ƙofar bukka. Akwai masu jiransa a hanya."

Ya wuce ni ya shiga ɗakin matarsa, na ji ya rufe ƙofa, na ji kukansa, abin da ban ji daga gare shi ba tun ranar da ya turo ubansa a baro.

Na ɗauki nonon na dama fura, na ƙara ruwa don ta isa, na aika zaure. Aka zagaya da ludayi. Sai da aka shanye na leƙa na gaya masu nonon wa suka sha. Shugaban 'yan sa-kai ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Ya riga ya haɗiye.

Allah ya jiƙan Yaya. Allah ya yafe mashi zafin ransa da waɗanda ya buga, ya yalwata mashi kabari, ya sa abin da ya tare da hannunsa ya tare mashi wuta. Filin yana rufe, hanya ba ta buɗe ba, ban san abin da gobe za ta kawo ba. Amma har yau da nake maganar nan jikana bai kashe kowa ba. Gadon da yayana ya bar mani ke nan.